Taura biyu ba ta taunuwa: yadda masu ilimin motsa jiki a Kaduna za su nemi abu wurin gwamnati su samu

Wanda ya karanta gashin ƙashi a Najeriya ya san ƙofar da zai nufa ranar da ya gama. Akwai hukumar MRTB da doka ta kafa tun 1988, ita ke yi masa rajista ta ba shi lasisi, kuma gurbinsa na nan a tsarin albashin ma'aikatan lafiya. Malamin makaranta ma yana da hukumar rajistar malamai ta TRCN tun 1993. Amma wanda ya yi shekara huɗu a sashen ilimin motsa jiki na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya san abin da ke faruwa da zuciya da huhu da tsoka idan an sa su aiki, in dai ba aji zai shiga ya koyar ba, babu lasisin da wani zai tambaye shi. Shi ya sa duk wanda Allah ya ba ƙirji da damtse zai iya kama shago a Barnawa ko Malali, ya zuba ƙarafa, ya sa dattijo mai hawan jini ɗaga nauyi yana riƙe numfashi, ba mai ce masa kanzil.

Ciwon kam an san shi. Ana maganarsa a tarukan ƙungiyoyin masana motsa jiki da wasanni irin su NAPHER-SD da NASSM, ana yi a ofishin malamai, ana yi a gefen fili a Dandalin Murtala da safiyar Asabar. Wajen kai kukan ne ake ɓata rawa da tsalle. Abin da aka saba gani a ƙungiyoyin sana'a da yawa shi ne a yi taron kwana uku, a fitar da sanarwar bayan taro mai sakin layi goma sha biyar, kowanne ya fara da "muna kira ga gwamnati". Wace gwamnatin? Gwamna ne, ko kwamishina, ko shugaban ma'aikata, ko majalisa? Nawa abin zai ci? Takardar da ba a rubuta sunan ofishi ɗaya a kanta ba, babu wanda zai ji nauyin amsa ta.

Mambobi ne za su zaɓi buƙatar

Kafin a rubuta wa kowa wasiƙa, sai an san da yawun wa ake magana. Rajista ce matakin farko. Kowane mamba a rubuta takardar shaidarsa, ko NCE ce daga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko digiri, ko shaidar horarwa ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. A rubuta inda yake aiki, da ƙaramar hukumarsa, da mazaɓar majalisar jiha inda yake kaɗa ƙuri'a. Wannan layi na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali shi ne jarin ƙungiyar. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna kujera 34 gare ta. Shugaban ƙungiya zai iya wuni a harabar Lugard Hall, inda majalisar ke zama, yana jiran ganin ɗan majalisa, amma malamai biyar daga mazaɓar ɗan majalisar, waɗanda ya san unguwanninsu, ya san kuma bayansu akwai ɗalibai da iyayen ɗalibai, in suka same shi a gida sai ya ba su kujera.

Bayan rajista sai tambaya. Kada tambayoyin su wuce goma, domin daga nan mutane ke fara cike takarda don su rabu da ita. Wadda ta fi kowace amfani ita ce: a wata goma sha biyun da suka wuce, wane abu ɗaya ne ya fi hana ka yin aikinka? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin jami'a zai ce a kafa hukumar lasisi. Koci zai ce alawus da ƙarin girma. Mai gidan motsa jiki zai ce a raba shi da 'yan buga-buga. Malamar PHE, wato darasin motsa jiki da kiwon lafiya, a makarantar 'yan mata kuwa wataƙila ta ce ita ba ta da ko ƙwallo ɗaya mai iska, kuma darasinta ne ake fara cinyewa duk lokacin da jadawali ya matse. Matsewar kuma ba zato ba ne: a Disambar 2021 jihar ta koma aikin kwana huɗu a mako, makarantun gwamnati suka bi sahu a farkon 2022. Sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ta sa PHE cikin jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare da sunansa, bayan shekarun da ya yi a cushe cikin darasin kimiyya da fasaha, amma suna a manhaja daban, minti arba'in a fili daban.

A kula, zauren WhatsApp ba akwatin zaɓe ba ne. Mutum goma masu data da yawan magana ne ke cika shi, sauran suna kallo. Wanda ke Birnin Gwari ko Kauru ko Sanga, inda sabis ke wahala, a kira shi a waya a cike masa takardar. A yi zama uku, ɗaya a Zariya, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Kafanchan, ranar Asabar da hantsi a tashi kafin azahar. Taron da aka sa bayan magariba an riga an sallami mata daga cikinsa tun kafin a fara.

A wurin zaman, kowa ya jera buƙatu uku bisa fifiko a takarda, a ƙirga a gaban jama'a. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce aikin shekara, ta biyu ta jira baɗi, kuma a rubuta wannan alkawari a bayanan taro a sa hannu, don waɗanda tasu ba ta ci ba su san ba a yar da su ba. Nan ne shugabanni ke jin ba daɗi, domin sau da yawa abin da mambobi suka zaɓa ba shi ke ransu ba. Sai haƙuri. Buƙatar da shugabanni suka yanko su kaɗai, ranar da aka ce a fito a cika zauren majalisa su kaɗai za su fito.

Ƙofar Abuja da ƙofar Kaduna

Buƙatar da ta fi daɗin faɗi ita ce a kafa hukumar da za ta yi wa sana'ar rajista da lasisi. Tana da kyau, amma a san hanyarta. A kundin tsarin mulki na 1999, abu na 49 cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka shi ne sana'o'in ƙwararru da ita majalisar ta ayyana. Hanyar ke nan ta Abuja: a sami ɗan majalisar da zai ɗauki nauyin ƙudirin, karatu na ɗaya, karatu na biyu, kwamiti, zaman jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, sannan ɗaya majalisar ta amince, sannan a kai wa shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare, sai an sake shigar da shi a sabuwa. Majalisa ta goma ta fara a Yunin 2023, wa'adinta na ƙarewa a Yunin 2027. Reshen jiha da ke tara kuɗin wata-wata daga albashin malamai ba zai iya wannan doguwar tafiya shi kaɗai ba. Aikin uwar ƙungiya ne ta ƙasa, reshe ya taimaka da sanatocinsa uku da 'yan majalisar wakilansa.

Haka batun buɗe sabon gurbi a tsarin aikin gwamnati, wato a ce ga mai ilimin motsa jiki a asibiti, ya fara daga mataki kaza ya ƙare a mataki kaza. Majalisar ƙasa mai kula da tsarin ma'aikata ce ke amincewa da irin wannan, inda shugabannin ma'aikata na tarayya da na jihohi ke zama. Reshen Kaduna zai iya shawo kan ofishin shugaban ma'aikatan jiha ya gabatar da takardar a can, kuma wannan ma aikin shekaru ne.

Akwai kuwa abubuwan da sa hannun mutum ɗaya a cikin garin nan ya ishe su. Takardar umarni daga ma'aikatar ilimi ko hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, cewa kada a taɓa lokacin PHE a jadawali. Sharaɗin cewa malamin da ya karanci fannin ne zai koyar da shi. Ƙa'idar lafiya a gasannin da jiha ke ɗaukar nauyi. Gwajin ajin motsa jiki ga masu hawan jini da ciwon suga a wasu daga cikin cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke mazaɓun kansila 255 na jihar. Ƙungiyar da ba ta taɓa cin ko ɗaya daga irin waɗannan ba, ba ta da abin nunawa ranar da ta tsaya gaban kwamiti a Abuja.

Buƙata ɗaya, daga kai har ƙafa

A ɗauki batun lafiya a filin gasa, tunda shi ne ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana wasa da Angola, bai tashi ba. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a Maris ɗin 2020, ana wasa da Katsina United, rahotanni suka ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Christian Eriksen na Denmak zuciyarsa ta tsaya a fili a Yunin 2021, aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya, ya rayu har ya koma buga ƙwallo. Rai na hannun Allah, amma sababin a bayyane yake: duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Garin Kaduna, da ya karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, aka kuma buga wasannin kofin duniya na matasa a filin Ahmadu Bello a 1999 da 2009, bai kamata a ce gasar makarantunsa ba ta da ƙa'ida a rubuce ba.

Ga yadda buƙatar za ta zauna a takarda: "Daga zangon karatu mai zuwa, kada a buga wata gasar makarantu ko ta ƙananan hukumomi da jiha ke ɗaukar nauyi sai da mutum biyu masu shaidar horon ceton rai a bakin fili, da akwatin agajin farko, da motar da aka tada aka gwada kafin a busa usur." Jimla ɗaya ce, amma ta faɗi abin da za a yi, da lokacin farawa, da yadda za a gane an yi ko ba a yi ba.

Ƙarƙashinta sai lissafi. Ƙananan hukumomi 23, mutum huɗu daga kowace, 92 ke nan. Horon kwana biyu, rukuni-rukuni, kada rukuni ya wuce mutum goma sha biyu, domin sai kowa ya durƙusa ya danna ƙirjin mutum-mutumin roba da hannunsa: danni 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, danni 30 sai hura numfashi biyu. Wanda ya kalla daga kujera bai koya ba. A sabunta horon duk shekara biyu. Farashi kuwa kada a ƙiyasta shi da ka, a karɓo a rubuce daga wurare uku a liƙa a baya. In an sa na'urar farfaɗo da zuciya a lissafin, a tuna cewa mannen da ake liƙawa a ƙirji da batir ɗinta duk suna da ranar lalacewa, mannen kan yi kamar shekara biyu. Inda ake faɗuwa ke nan: a sayi na'ura da kuɗin manyan ayyuka, a yi bikin miƙawa, a manta da sa kuɗin manne da batir a kasafin yau da kullum. Bayan shekara uku sai ta zama kayan ado a ofishin wani, makullin ofishin kuma yana aljihun wanda ya tafi ɗaurin aure.

Dukan wannan ya shiga shafi ɗaya, in ya yi yawa biyu. Sauran hujjoji su koma rataye. Babban sakatare ba zai karanta kundin digiri na uku ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Wasiƙar neman kuɗi da ta isa ma'aikata a Nuwamba ta makara. Tun tsakiyar shekara Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi ke aika wa ma'aikatu takardar su kawo ƙiyasinsu, an kuma yanka wa kowace iyakar abin da za ta nema. Mutumin da ya kamata ƙungiya ta sani a wannan lokaci shi ne daraktan tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na ma'aikatar, domin a teburinsa ake haɗa layukan kasafin. A same shi tun Mayu ko Yuni da shafin nan ɗaya. In layin ya shiga daftari, sai a bi shi zuwa taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi, sannan zuwa kwamitin majalisa ranar da ma'aikatar za ta kare kasafinta. Kaduna ta shiga shirin buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP a 2018, kuma akwai tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunsu tun daga mazaɓa don su shiga kasafi. Mamban da ke zaune a mazaɓar yana da damar sa bakinsa a nan kamar kowa, galibi dai ba ya zuwa ne.

Shiga kasafi kuma ba fitar kuɗi ba ne. A riƙa duba rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, a nemo layin, a ga nawa aka saki. In an ga sifili har wata shida, a rubuta a tambaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Yanzu ziyarar ban girma, wadda ta cinye ƙarfin ƙungiyoyi da yawa. An san yadda take: mutum ashirin cikin anko, a jira awa biyu, shugaba ya karanta jawabin shafi huɗu rabinsa kirari, a miƙa allon yabo, a naɗa mai masauki uban ƙungiya, a roƙi bas da fili da kujerun Makka, can a ƙarshe a ambaci ainihin abin da ya kawo su. Mai girma ya ce ƙofarsa a buɗe take, a ɗauki hoto, a watse. Ba a yi ƙarya ba, ba a kuma yi komai ba. Mutum uku sun isa: wanda ya san lissafin, wanda abin ya shafa kai tsaye, kamar malamar da ke fita fili da yara, da wanda zai rubuta abin da aka faɗa. Minti goma. A faɗi buƙatar a minti na farko. Kafin a tashi a tambaya: "Ranka ya daɗe, wane jami'i za mu riƙa tuntuɓa, kuma yaushe za mu dawo?" Wasiƙar a kai ta kwafi biyu wurin masu karɓar wasiƙu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da ita. A nemi lambar fayil. A leƙa duk mako biyu, cikin ladabi, ba fushi ba gajiya. Magatakardan kwamitin majalisa da ma'aikacin da ke ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur sun fi allon yabo amfani nesa ba kusa ba.

Sai a kiyayi hular jam'iyya. Ƙungiyar da ta fito ta yi wa ɗan takara mubaya'a ta ɗaura buƙatarta a ƙafarsa, in ya faɗi su faɗi tare.

Maƙwabta a sana'a

Duk buƙatar da ta doshi asibiti za ta haɗu da masu gashin ƙashi, kuma suna da hujja in suka tambaya ina iyakar aikin. A je musu tun kafin a je wa gwamnati. A rubuta iyakar ƙarara: gano cuta da rubuta magani na likita ne; jinyar wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko karaya ko aka yi wa tiyata ta mai gashin ƙashi ce; tsara motsa jiki ga mai lafiya, da ɗan wasa, da mai hawan jini ko suga wanda likita ya auna ya turo, nan ne gonar mai ilimin motsa jiki. Wasiƙar goyon baya ɗaya daga reshen ƙungiyarsu ko ta likitoci ta fi sa hannun mambobi ɗari nauyi, adawarsu a zaman jin ra'ayi kuwa kan kashe ƙudiri a zama ɗaya. Ƙasashen da suka wuce wannan mataki, da iyaka a rubuce suka wuce shi. Afirka ta Kudu ta amince da masu jinya ta hanyar motsa jiki a matsayin ma'aikatan lafiya masu rajista tun 1983. A Ostareliya an fara biyan kuɗin ganinsu daga inshorar lafiya ta gwamnati a 2006, bisa sharaɗin likita ne zai turo mara lafiyar. Ƙungiyarsu ta can an kafa ta ne a 1991, wato shekara goma sha biyar ke nan tsakani.

Hujjar gida ta fi ta waje ƙarfi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga baligi da minti 60 a rana ga yara, kowa na iya karanto ta. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne littafin awo daga cibiya ɗaya a Rigasa ko Tudun Wada: mutum talatin da likita ya turo, mako goma sha biyu, zama uku a mako, a auna jini kafin kowane zama, wanda awonsa ya kai 180 bisa 110 ba motsa jiki ranar, a mayar da shi wurin likita. A nemi izinin hukumar cibiyar da amincewar kowane mutum a rubuce, a raba ajin mata da na maza, macen da ta karanci fannin ta ja na mata. A rubuta har waɗanda suka daina zuwa da dalilinsu, domin tambayar farko da za a yi ke nan, kuma wanda ya ɓoye su an gama yarda da sauran alƙalumansa.

Abu na ƙarshe na cikin gida ne. In ƙungiyar ba reshen wata mai rajista ba ce, ta yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wadda ke buƙatar sanarwa a jaridu biyu da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, masu sa hannu biyu aƙalla. Duk wata uku a aika wa mambobi rahoto na rabin shafi: ga wanda aka gani, ga abin da ya ce, ga inda fayil yake, ga abin da aka kashe na mota da buga takardu. Mutane kan daina biyan kuɗin wata ne idan suka daina jin labari. Kwamitin bin buƙatar kuma kada wa'adinsa ya ƙare rana ɗaya da na shugabanni. A bar mutum biyu daga tsohon kwamiti su ƙara shekara, su miƙa wa sababbi jakar da ke ɗauke da kwafin wasiƙu masu hatimi, da lambar fayil, da sunan teburin da ya kwana a kai.